Cikin da Na Ce Kwantacce Ne

Lahadi, 8 ga Jimada na biyu, 1335. Bayan la'asar.

Da sunan Allah, wanda ya ga abin da na gani da abin da na kau da kai daga gare shi.

Takardun nan ragowa ne daga littafin da nake kwafa wa Malam Abdu. Ba zai zo karɓa ba. Yana cikin waɗanda suka taru a masallaci ranar Lahadin nan, yau mako huɗu, da sojan Nasara suka komo cikin Agadas suka karkashe su. Ni zazzaɓi ne ya kwantar da ni, shi ya sa nake nan ina ɓata masa takarda.

Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Shekara hamsin ina kwafar abin da waɗansu suka faɗa. Amma waɗanda ake tambaya sun tafi rana ɗaya, sai ga mutane suna durƙusa mini suna cewa "Allah gafarta Malam", ni da hannuna ke rawa in na ɗaga buta.

Kadidia ta kawo fura kamar kullum. Ɗiyar ƙanwata ce, kuma duk dangi ita ta rage mini. Mijinta Inusa ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma shekara biyu da suka wuce, abokan tafiya suka dawo da takobinsa da sunan rijiyar da suka binne shi kusa da ita. Ba su haihu ba. Ta gama takaba ta koma ɗakin marigayiya uwarta tana saƙar tabarma.

Yau ba ta tafi ba. Ta zauna bakin ƙofa ta ba ni baya.

"Kawu, ban ga al'adata ba."

Na ce firgita tana ɗauke wa mata wannan.

"Ba firgita ba ce. Baturiya ta duba ni."

Baturiya ita ce unguwarzomar unguwarmu, ba ta cika kuskure ba. Ban tambayi Kadidia na wane ne ba. Ranar nan ba masallaci kaɗai aka shiga ba.

"Tana da magani," in ji ta. "Ta ce ba za ta ba ni ba sai malami ya ce mata babu laifi."

"Me kike so in ce?"

"Ka ce abin da ke cikin littafi. Amma ni ba na so in ɗauke shi, Kawu. Ba na so."

Na ce ta ba ni kwana biyu in duba.

Litinin, 9. Hantsi.

Ban sha wahalar nema ba, kuma na so a ce na sha. Gafakar littattafai ta uku, wajen babin aure.

Babban rubutu na tsakiya ya hana. Da zarar mahaifa ta riƙe, ba a taɓawa. Wannan kowane ɗalibi ya sani.

Amma a gefe akwai layi biyu da ƙananan baƙaƙe, tawadar ta koma ja don tsufa. Sun ce waɗansu malamai sun yarda a fitar kafin kwana arba'in, tun abin yana ruwa bai zama komai ba. Hannuna ne. Na rubuta daga bakin malamina a Ingal ina ɗan shekara ashirin, muna zaune ƙarƙashin dabino.

To shin na ji shi daidai? A shekarun can ina yawan gyangyaɗi wurin karatu. Bai faɗi sunan malaman ba, ko ya faɗa ban rubuta ba. Ya mutu, duk wanda ya zauna tare da ni ran nan ya mutu.

Yau kwana ashirin da tara. Arba'in za ta cika ran Juma'a, ashirin ga wata. Saura sha ɗaya.

Talata, 10. Azahar.

Kadidia ta tambaya da ido. Na ce ina nan ina dubawa.

Laraba, 11. Bayan la'asar.

Baturiya ta shigo ba sallama. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta ga girmana ba.

"Mai tawada, ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki riga ni, ki share mini wuri."

"Wa zai sa mu unguwa ɗaya a can?" Ta zauna kan buzuna, ta ture littafin da ƙafa, sannan ta tuna ta ɗauke shi ta sumbata. "Yarinyar nan ta ce kana dubawa. Idon ne ya mutu ko littafin ne ya yi tsawo?"

Na nuna mata layi biyun, ko da yake ba ta karatu. Ta ce ƙanana ne ƙwarai. Na ce haka nake gani ni ma.

"Ka ji, Alkasum. Yaran da na kama a garin nan sun fi gashin gemunka. Ban taɓa fitar da ko ɗaya ba sai wanda ya riga ya mutu a ciki. Saiwar tana wurina, uwata ta nuna mini ita ta ce kada in yi gaggawa. Na ga yarinyar nan da safiyar Litinin ɗin, ni na wanke ta. Zan ba ta. Amma ina so in an tambaye ni a kabari in ce wane ya ce."

"Wato ki jingina mini."

"To don me aka naɗa muku rawani? Don rana?"

Ta ce kowace rana da ta wuce maganin yana ƙara wuya ga jiki. Na ce zan nemi baki na biyu. Ta dube ni kamar yadda take duban mazan da ke tsayawa bayan ɗaki ranar haihuwa.

Saura tara.

Alhamis, 12. Almuru.

Na je wurin Malam Illiya. Shi ke jan salla yanzu a ƙaramin masallacin kasuwa. Yaro ne a kaina, bai kai arba'in ba, amma ya yi karatu a Katsina kuma kansa na ja. Yana Tigidda sayen gishiri lokacin da abin ya faru.

Tafiyar da nake yi kafin ruwa ya tafasa, yau sai da na zauna sau huɗu. Gidaje a buɗe, ba kowa. An cire ƙyamare an kai bariki don wuta. Wani soja ya ce mini wani abu da bakinsu, na rusuna, ya yi dariya ya wuce.

Na ce wa Illiya wata mata ce ta aiko ni.

"Baba Malam," ya ce, "wata mata ta aiko mutum bakwai wurina cikin makon nan."

Ban san sun kai haka ba.

Na karanta masa layi biyun. Ya ce ya san maganar, ba ta da ƙarfi, ba a gina hukunci a kanta. Ya jawo ayar da ke magana kan jaririyar da aka turbuɗe, wadda za a tambaya laifin me ta yi. Na ce wannan an haife ta, ta yi kuka, an ga fuskarta. Na ce ai mu muke karantar da cewa sai bayan wata huɗu ake busa rai.

"Ƙwan jimina ba jimina ba ne," ya ce, "amma mai haramin aikin hajji in ya fasa shi sai ya yi fansa."

"Jiminar ita ta zaɓi inda ta yi ƙwanta."

"Baba, abin da ya shiga mahaifa da izinin Allah ya shiga. An rubuta."

"In ya fita fa? Ba a rubuta wannan ba?"

"An rubuta. Amma mai fitarwa shi ya zaɓa, za a tambaye shi."

"Su waɗanda suka fasa ƙofa, an rubuta musu?"

"An rubuta, kuma sun zaɓa, kuma wuta na jiransu."

"To ita me ta zaɓa?"

"Ba ta zaɓi komai ba, shi ya sa ba ta da zunubi ko na ƙwayar gero. Ni so nake ta zauna haka. Kai kake so ka miƙa mata zaɓi, ka miƙa mata zunubi tare da shi."

Amsar tana nan wani wuri, na ji motsinta, amma ban kamo ta ba.

Da zan tashi ya riƙe mini hannu.

"Da Malam Abdu na nan da shi za mu tura wa," ya ce. "Ni fa sayen gishiri na tafi, Baba. In na buɗe wa ɗaya na buɗe wa bakwai, in kuwa na yi kuskure rai bakwai ne a wuyana. Ba zan iya ba."

Ban ga laifinsa ba. Na so in gani.

Juma'a, 13. Azahar.

Ba a hau hasumiya ba yau ma. Na yi raka'a huɗu a zaune. Saura bakwai.

Asabar, 14. Hantsi.

Amsar da na rasa ta zo mini wurin alwala, ba amfani. Ya ce in bar ta ba zunubi. Amma wata tara ba ita kaɗai za ta yi su ba? Mu mu tsira da hannu fari, ita ta ɗauka.

Sai kuma na ce, in Illiya ne ke da gaskiya fa? In akwai wani a can ciki da aka riga aka rubuta masa suna da arziki da ranar mutuwa, ni kuma in tare masa hanya da layi biyun da na rubuta ina gyangyaɗi?

Da safe ina tare da gefe, da rana ina tare da tsakiya.

Kadidia ta rame. Ta ajiye ƙwarya ta tsaya nesa, warin nono na tayar mata da zuciya. Ta ce, "Kawu, kwana biyunka sun yi shida." Na ce gobe.

Lahadi, 15. Bayan la'asar.

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Tabawa ta zo, uwar Inusa. Shi kaɗai ta haifa. Ta zo in yi mata rubutun ciwon gwiwa. Ina cikin wanke allo Kadidia ta shigo, ta gaishe ta, ta durƙusa za ta ajiye ƙwarya, sai ta miƙe da gudu ta yi bayan ɗaki. Muna jin ta.

Tabawa ta saurara. Ta haifi ɗaya amma ta ga ciki ɗari.

"Malam, wannan amai na san shi."

Na ce zafi ne, bazara ta shigo da ƙarfi.

"Na san na zafi. Matar ɗana ce, ba ta da miji shekara biyu. Ka faɗa mini abin da zan ce wa mutane."

Na ga abin da ke tafe. Na ga mata a bakin rijiya suna yin shiru in ta iso. Na ga ana kiran yaron da sunan da ba zan rubuta ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Kwantacce ne. Na Inusa."

Ban ƙirƙira ba, yana cikin littattafanmu. Ciki kan kwanta a mahaifa shekara huɗu, waɗansu suka ce biyar, sannan ya farka. In matar ba ta sake aure ba, ɗan na mijinta ne ko yana kabari. Na ce ya tafi Bilma ya bar ta da shi, baƙin ciki ya kwantar da shi, firgitar ran nan ta tashe shi. Na faɗa da muryar da ban san ina da ita ba, har da Larabci.

Tabawa ta daɗe tana kallona. Sannan ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta tashi ta bar rubutun, ta je bayan ɗaki ta rungume Kadidia tana kiran sunan ɗanta.

Kadidia ta dube ni ta saman kafaɗar tsohuwar.

Na rufa mata asiri. Yaron ya sami uba da gida da gado. Ba wanda zai buɗe baki, ko alƙali. Shekara hamsin ina kwafa, yau karatuna ya yi wa wani amfani.

Na sha furar duka.

Litinin, 16. Azahar.

Ba ta zo ba. Na ji guɗa daga wajen gidan Tabawa, ta farko a garin nan tun ran nan.

Litinin. Almuru.

Tabawa ta kawo tuwo da kanta. Ta ce ta kwashe Kadidia da kabarta da tukwanenta ta maida ta ɗakin Inusa. Ba za ta ɗauki tulu ba, ba za ta fita ita kaɗai ba, ba za ta sha komai ba sai daga hannunta. "Shekara biyu yana barci, Malam, ba zan bari iska ma ta taɓa shi ba."

Ban ci ba.

Kadidia ta ce mini ba ta so ta ɗauke shi. Sau biyu ta faɗa. Na rubuta da hannuna, ga shi nan a takarda ta farko.

Talata, 17. Hantsi.

Illiya ya zo har gida, fuskarsa a sake.

"Baba, ka fi mu. Ina ta juya babin zubarwa, ashe mafita tana babin idda." Ya ce uku daga cikin bakwai ɗin zawarawa ne ko matan matafiya, zai bi da su ta wannan ƙofa. Ɗaya ta aiko da godiya tana kuka.

Na ce ban yi shawara da mai abin ba.

"Allah ne ya sa maka a baki."

Ina so ya zama haka. In shi ya sa, ni alƙalami ne kawai, ba a tuhumar alƙalami. Yawan son da nake yi wa wannan magana shi ya sa ban yarda da ita ba. Na san abin da na ji a ƙirjina lokacin da na faɗa. Sauƙi na ji. An ɗauke mini tambayar.

Saura uku.

Laraba, 18. La'asar.

Na ɗaura rawani zan je wurin Baturiya. Na kai zaure ƙafa ta ƙi. Na zauna nan har inuwa ta juya.

Alhamis, 19. Azahar.

Na je. Na tarar tana daka kanwa. Ban zauna ba, don kada in kasa.

Na ce, "Na ce. Ki ba ta. In an tambaye ki ki ce Alkasum ɗan Sule ne ya ce, a wuyansa."

Ba ta daina daka ba.

"Kafin kwana nawa littafinka ya ce?"

"Arba'in. Gobe take cika."

"Cikin Kadidia shekararsa biyu."

"Kin san ba haka ba ne."

"Ni na sani. Amma malami ya ce shekara biyu, da Larabci. Unguwa duk ta je barka. Jiya Tabawa ta kira ni ta ɗora hannuna kan cikin ta ce amana. In ya zube gobe, wa ya zubar? Baturiya ta kashe ɗan Inusa, mai rai, wanda ya jira shekara biyu. Wace mace za ta sake kirana? Kuma a kabarin, wace maganarka zan faɗa, ta Lahadi ko ta Alhamis?"

Na ce ta Alhamis ce gaskiya.

"To je ka kwance ta Lahadi. Inda ka ɗaura nan za ka kwance." Ta ajiye taɓarya. Yau ba ta kira ni mai tawada ba. "Kwana takwas ina jiran kalma ɗaya daga bakinka. Da ka tashi magana sai ka yi wadda ba a tambaye ka ba."

Alhamis. Bayan magariba.

Daga can na wuce gidan Tabawa. Kadidia na zaune a inuwar ɗaki, an shimfiɗa mata buzu biyu, kaba a gabanta ba ta saƙa. Tabawa na madafa.

Na durƙusa, abin da ban taɓa yi mata ba. Na faɗa mata abin da Baturiya ta ce. Na ce, "In faɗa wa tsohuwar?"

"Faɗa mata."

Na kira Tabawa. Na ce Lahadi na yi magana ba bisa sani ba. Na ce cikin nan ba na Inusa ba ne. Na fara neman yadda zan faɗi sauran.

"Kada ka wahalar da bakinka, Malam," ta ce. "Ran nan ina gidan Mariya, katanga ɗaya tsakaninmu da ɗakin yarinyar nan. Ina ɓoye cikin rumbu ni kaɗai. Na ji. Na cusa mayafi a baki don kada in yi tari."

Kadidia ta ɗago kai.

"Inna, kin sani?"

"Na sani, ɗiyata. Ban fito ba. Wannan zan kai shi kabari." Ta juyo gare ni. "Na zo gidanka ran Lahadi ban san abin da zan yi da ita ba, kai ka nuna mini. Hanya ta cinye mini ɗa. Waɗannan sun cinye gari. Gidan nan ɗaki biyar, ni kaɗai nake tari a ciki. Yanzu littafi ya ce ɗan Inusa ne. Ni ban fi littafi sani ba."

"Ni na faɗa, ba littafi ba."

"Ƙarya ne abin da ke cikinsa?"

"Ba ƙarya ba ne, amma..."

"To. Ko mace ko namiji, zan goya, zan tauna masa dabino. Ba zan tambaye shi kamannin wa ya ɗauko ba. In kana so ka kwance, ga ƙofar masallaci can, gobe Juma'a. Ka tsaya ka faɗa wa maza abin da aka yi wa ɗiyar ƙanwarka. Amma duk mai tambayata zan ce abin da ka faɗa mini da fari."

Ta koma madafa. Tana kuka, ina jin ta tana hura wuta.

Na ce wa Kadidia, "In kin ce in je, zan je. Ko da rarrafe."

Ta daɗe tana murza zaren kaba a yatsa. Na ga tana auna su ɗaya bayan ɗaya, mazan da za su ji, da matansu, da sauran shekarunta a garin nan. Da matan nan uku da Illiya ya rufe da mayafin da na saƙa, don in nawa ya yage nasu ma ya yage.

"Tafi gida, Kawu," ta ce. "Duhu na yi, ba ka gani."

Juma'a, 20. Azahar.

Arba'in.

Lahadi, 22. Hantsi.

Na buɗe babin, na ɗauki wuƙar fiƙe alƙalami zan kankare layi biyun. Na fasa. Ba su suka yi laifi ba.

Laraba, 25. La'asar.

Illiya ya ce ɗaya daga cikin huɗun da ba su da mijin da za a jingina wa ta sha wani abu da kanta, ba ta tambayi kowa ba. An yi mata salla jiya. Bai faɗi sunanta ba, ban tambaya ba. Muka zauna. Ya ce, "An rubuta." Na ce, "An rubuta." Ba wanda ya dubi wani.

Da na ce eh tun ran Litinin ta farko, da Baturiya ce ta auna mata. Ko kuwa da yanzu ina ɗauke da abin da ya fi wannan. Ban sani ba. Na roƙi Allah ya nuna mini ko a mafarki, na yi mafarkin raƙuma.

Asabar, 28. Azahar.

Tuwon Tabawa na zuwa, ina ba kajin maƙwabta. Ba azumi nake ba. Ba ya wucewa ne.

Malam Abdu ya fi ni da komai. Zazzaɓin kwana uku ne ya sa shi can ni nan.

Litinin, 1 ga Rajab. Hantsi.

An ce an ga wata. Yau ban tashi ba sai don salla. Na fara jin jikina yana sakina a hankali, kuma ban ji tsoro ba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Laraba, 3 ga Rajab. Bayan la'asar.

Kadidia ta zo. Tabawa ta rako ta, ta tsaya a zaure.

Ta tsaya a kaina ina kwance. Ta ga akushin jiya a rufe.

"An ce kana shirin tafiya."

Na ce shekaru ne.

"Ba shekaru ba ne. Gudu ne."

Na ce ta yafe mini. Na yi ta faɗa, ban san sau nawa ba.

"Ban zo don wannan ba. Wataƙila wata rana, ban sani ba. Yanzu ba ni da shi da zan ba ka." Ta zauna bakin gado. "Da safe nakan farka in manta, sai in tuna. Inna tana yi masa waƙa. Mata suna taɓa ni don neman albarka, wai cikin da ya yi haƙuri. Ina murmushi. A garin nan mutum huɗu suka san abin da nake ɗauke da shi. Inna ta zaɓi ta manta. Baturiya ba ta iya duban idona. Saura ni da kai."

Na juya fuska wajen bango.

"In ka mutu ni kaɗai ce. Ba zan yarda ba. Kai ka ba shi uba, kai za ka yi masa kiran salla a kunne, kai za ka raɗa masa suna gaban mutane. In ya girma ya tambaya yadda aka yi ya kwana shekara biyu, wurinka zan turo shi."

"Kadi, dube ni. Ba zan kai ba."

"Ni ma haka na ce maka."

Ta miƙe ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta ce, ba ta juyo ba, "Baturiya ta ce cikin Safar ne. Wata bakwai. Ka san yadda za ka yi."

Alhamis, 4 ga Rajab. Hantsi.

Na ci loma biyar, ta shida ta dawo. Na kama bango na zagaya tsakar gida sau biyu. Gobe uku, in an rubuta.